Ranar da Aka Karɓi Shaidar Ɗanbaba Ma'auni

Ɗanbaba ma'aunin hatsi ne a kasuwar Kaura Namoda, gajere, mai faɗin kafaɗa, mai siririyar murya kamar wanda mura ba ta taɓa saki ba. Na san shi tun muna cikin jihar Sakkwato, domin a rumfarsa nake awon gero duk ƙarshen wata. Abin da zan faɗa a nan kashi biyu ne: wanda na ji daga bakin waɗanda aka yi da su, da wanda na gani da idona a kotun da nake aikin magatakarda.

Wajen shekarar 1992 abokinsa Sirajo tela ya zo masa da shawara. Su biyun sun tashi cikin kallon finafinan Indiya har sun san abin da zai faru tun kafin ya faru. Sirajo ya ce su yi nasu, amma na tsokana. Kyamara sai a Gusau, wurin wani mai ɗaukar bukukuwa, kuma hayarta ta fi ƙarfin tela da ma'auni. Matar Sirajo, Kulsumu, tana da wani sa da take kiwo, Sirajo ya nemi a sayar da shi a biya hayar. Ta ce ba za a sayar mata da shi don wasan banza ba sai da madadi. Sirajo ya ba ta ƙaramar gonarsa ta hanyar Banga a madadin san. A zaure aka ƙulla maganar, gaban Ɗanbaba da wani kawun Kulsumu da ya tsaya mata, ita tana cikin gida.

Sun sa wa kaset ɗin suna "Jarumin Ƙarshen Dogo", saboda a garinmu layin jirgin ƙasa ya ƙare. Ɗanbaba ne jarumi, da gashin baki na gawayi. Sirajo ne mugu. Babu uban da ya yarda 'yarsa ta fito, don haka suka ɗaura gyale a jikin darbejiya, jarumi ya yi ta zagaya ta yana rera mata waƙa, wani ɗan garuwa a kan reshe yana tuttulo masa ruwa a matsayin damina. Wurin faɗa kuwa, duk naushin da aka kai, sai a ji ƙarar taɓarya a kan buhun dawa, wani lokaci kafin naushin ya isa.

Amma abin da ya riƙe mutane shi ne ƙarshe. Mugu ya harbi jarumi, jarumi ya faɗi a bakin dogo ya fara wasiyya. Ya raba hularsa da kekensa, ya rufe ido, jama'a suka fara kuka. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Tukuna, na tuna wani abu." Laujensa yana wurin maƙwabci, a karɓo. Ya sake rufe ido. Yatsa ya sake tashi: akuyarsa ba ta cin dusa sai an jiƙa. Ya nemi fura, ya ce nonon ya yi tsami. Mugu ya gaji da tsayuwa, ya zauna, suka raba goro. Jarumin bai mutu ba, domin kaset ɗin ya cika yana tsakiyar magana, kuma babu wani kaset.

Gidajen kallo na Kaura suka yi ta nuna shi da janareta. Direbobi suka kai shi Shinkafi da Zurmi, aka yi ta kwafa daga wannan zuwa wancan har fuskoki suka koma kamar inuwa cikin ruwa. Daga nan wasan ya fita daga kaset ya shiga bakin mutane. A kasuwar Shinkafi, idan an sallama ciniki mai saye ya ɗaga yatsa, kowa ya san za a koma baya. A Zurmi, yaron da ya ƙi barci yana ta neman ruwa, uwarsa kan ce yana mutuwar Ɗanbaba. 'Yan kabu-kabu suka rubuta "Tukuna" a bayan baburansu. Da aka ba mu jiha a 1996 aka shiga tarurrukan murna, duk mai jawabin da ya ce "daga ƙarshe" bai zauna ba, sai ka ga yatsu suna tashi a bayan rumfa. Da shari'a ta kankama aka rufe gidajen kallo, kaset ɗin ya yi wuyar gani, amma yaran da ba su taɓa kallonsa ba suna yin mutuwar a tashe, har da furar.

Shi Ɗanbaba bai samu ko kwanon gero daga wannan suna ba, sai wata matsala. Ya zama ba ya iya faɗin maganar gaske a cikin jama'a. Idan ya tashi a taron unguwa zai yi magana kan magudanar ruwa, tun kafin ya buɗe baki an fara murmushi. Ya taɓa zuwa sanar da wani maƙwabci cewa rumbunsa ya kama wuta, mutumin ya tsaya yana jiran ƙarashen barkwancin. Saboda haka ya koya wa kansa gajeriyar magana. Yakan tattara abin da zai faɗa ya faɗe shi a numfashi ɗaya, ba ya ƙari, ba ya komawa baya, hannunsa na dama kuma yana cikin aljihu.

Allah ya yi wa Sirajo rasuwa a daminar 2000, ya bar Kulsumu da 'ya'ya mata biyu. Da aka zo rabon gado, ƙaninsa Faruku, wanda ya daɗe yana fatauci a kudu, ya ce gonar hanyar Banga ta marigayi ce, a sa ta cikin rabo. Kulsumu ta ce tata ce, da santa ta same ta. Daga gonar take ci da yaranta. Kawun da ya tsaya mata ya riga ya rasu. A shari'ar dukiya ana karɓar mai shaida ɗaya idan mai ƙara ta haɗa da rantsuwa, don haka gonar duka ta rataya a kan bakin Ɗanbaba.

Alƙalinmu na lokacin dattijo ne da aka kawo daga wani yanki mai nisa, kuma ina jin shi kaɗai ne a ɗakin bai san wasan ba. Ya dubi Faruku ya ce, "Ga mai shaidarta. Kana da suka gare shi?"

"Allah ya gafarta Malam, ina da ita. Wanga mutum ɗan wasa ne. Duk ƙasar ga an san shi da faɗin abin da ba shi ne ba don a yi dariya. Ya kwanta gaban jama'a ya ce ya mutu."

"Ya mutu?"

"Ga shi nan tsaye, Allah ya gafarta Malam."

"Kun tafi gaisuwa?"

"A'a, kowa ya san wasa ne."

"To wa ya ruɗa?"

Faruku ya ce, "Har icce ya yi wa waƙar so."

Alƙali ya juya ga Ɗanbaba. "Haka aka yi?"

"Haka aka yi. Darbejiya ce."

Ɗan sandan kotu ya juya fuskarsa bango. Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce sukar ba ta wofi ba ce, domin wanda ya zubar da kamalarsa ba a karɓar shaidarsa. Ya umarci a kawo mutum biyu sanannu su faɗi halin Ɗanbaba, ya ɗage zama.

Kafin zama na gaba abokan kasuwa suka ba shi shawara ya tashi gaban alƙali ya ce ya tuba, wasan ƙuruciya ne. Ya ƙi. Ya ce, "In tuba da mi? Ban zagi kowa ba, ban sha komi ba sai fura. Da marigayi muka yi shi, kuma ba ya nan ya kare kanai." Kulsumu ta aiko masa da saƙo ta bakin ƙaramar 'yarta: ba ta neman ya tuba, ya dai bar hannun nan cikin aljihu.

Ranar zaman ɗakin ya cika har taga. Wakilin 'yan hatsi, Alhaji Kamalu, ya fara. Ya ce idan Ɗanbaba ya auna maka, ba ka sake awo a gida. Sai Liman Abbati na masallacin unguwarsu ya ce shekara da shekaru yana ganinsa a sahun gaba, bai taɓa jin an kama shi da ƙarya ba.

Alƙali ya ce, "Malam Liman, kai ka ga wasan nan?"

"Na wuce ana yi."

"Wucewa ka yi?"

"Na ɗan tsaya."

"Har zuwa ina?"

"Har kaset ya ƙare, Allah ya gafarta Malam."

"Akwai alfasha ciki?"

"Babu. Sai dai nauyin baki wajen cikawa."

Alƙali ya ba Ɗanbaba izinin magana. Ya faɗi tasa a numfashi ɗaya kamar yadda ya saba: a zauren Sirajo, bayan la'asar, gona a madadin sa, kawunta ya karɓa mata, tun daga shekarar ita ke noma ta. Ya koma gefe. Aka ce Kulsumu ta yi alwala. Ta dawo, aka kawo Alƙur'ani, alƙali ya karanta mata lafazin da za ta maimaita: cewa gonar da duk abin da ke cikinta mallakinta ne.

Daga inda nake zaune ina ganin fuskar Ɗanbaba. Sai na ga ta canza. Daga baya ya gaya mini cewa kalmar "duk abin da ke cikinta" ce ta dawo masa da maganar Sirajo a zaure. A wurinmu ana iya ba da ƙasa a riƙe itatuwan da ke kanta, kuma haka Sirajo ya yi da ɗorawoyi biyu na bakin iyaka. Kulsumu ba ta ji ba, tana cikin gida. Idan ya yi shiru, za ta rantse a kan abin da ba nata ba ba tare da ta sani ba. Idan ya yi magana, ya san abin da ɗakin zai yi, kuma a gaban alƙalin da ke auna kamalarsa.

Ya yi gyaran murya, ba wanda ya kula. Ya matsa gaba, ɗan sanda ya yi masa alamar ya tsaya. Kulsumu ta miƙa hannu. Sai hannun Ɗanbaba ya fito daga aljihu, yatsa ɗaya a sama.

"Allah ya gafarta Malam, tukuna."

Wani daga taga ya ƙarasa masa sauran: "Na tuna wani abu!" Ban taɓa jin irin wannan dariya a kotu ba. Alhaji Kamalu ya dafe ciki, Liman ya rufe fuska da rawani, Faruku kansa ya zauna a ƙasa. Kulsumu ce kaɗai ta tsaya tana hararar Ɗanbaba. Shi kuwa bai sauke yatsan ba, bai yi murmushi ba, ya tsaya kawai har aka gaji.

Alƙali ya ce, "Wanda ya sake dariya zai ƙarasa ta waje. Faɗi."

"Marigayi ya ce ban da ɗorawoyin nan biyu. Ya ce na uwarsu ne, kuma ta ce a bar ma Faruku. Kulsumu ba ta ji ba. Ni ma sai yanzu ya faɗo mini. Kada ta rantse a kansu."

Faruku ya ɗago kai. "Inna ta ce haka?"

"Haka yayanka ya ce ta ce."

Alƙali ya dubi Ɗanbaba. Sannan ya ce mutumin da aka kira don ya taimaki ɓangare ɗaya, ya jure a yi masa dariya don ya rage wa ɓangaren abin da ba nasa ba, kotu ba ta da abin da za ta ƙara nema a kansa. Ya karɓi shaidar. Aka gyara lafazi, Kulsumu ta rantse a kan ƙasar gona kaɗai, aka tabbatar mata da ita, ɗorawoyi kuma aka ba Faruku.

A bakin ƙofa Kulsumu ta tare shi. "Abu ɗaya na roƙe ka. Aljihu."

"Ya yage, Kulsumu."

"Da mi zan yi daddawa bana?"

"Ki saya wurin ƙanin mijinki. Ya san ki, zai yi miki ragi."

"Allah ya jiƙan wanda ya haɗa ni da ku," in ji ta, tana jan mayafi don kada a ga bakinta.

Bayan kaka ina rumfar Ɗanbaba ina jiran awo sai ga Faruku. Ya yi sallama, ya tambayi farashin dawar da ba shi da niyyar saye, ya yi maganar zafin rana. Can ya ce zai koma kudu, ba shi da mai kula masa da itatuwa, kuma sun daidaita da Kulsumu za ta saye su. Suna neman wanda za a yi a gabansa.

Ɗanbaba ya ce, "Garin ga duka ba ka samu mai kamala ba?"

"Yaya, a bar tone-tone. Ita ta ce kai, ni ma na ce kai."

"Za ta zo zauren da kanta wannan karon?"

"Ta ce ko a bisa icce za a yi, sai ta ji da kunnenta."

Ɗanbaba ya ƙarasa mini awona, ya ɗaure bakin buhu, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa rumfa. Ya kakkaɓe ƙaiƙayi daga rigarsa, ya hau bayan babur ɗin Faruku suka nufi unguwar su Kulsumu.