Ƙullin Haɓar Zanina

Lokacin da maigidana yake da rai, shi ke yin cefane. Bayan ya rasu na fita takaba, yara kuma kowa ya kama gidansa, sai na gaji aikin. Nakan ƙulle kuɗin a haɓar zani, in rufe gidanmu na Unguwar Sarki, in taka zuwa kasuwar Abakpa. Mace mai shekaruna ba ta yafa mayafi ta kama hanya haka kawai, sai an tare ta ana tambayar ko lafiya. In ta ce kasuwa za ta, ba mai ƙara magana.

A kasuwar akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Bazazzagiya ce, ni kuwa Bakanuwa, don haka tun ranar farko wasa ya shiga tsakaninmu.

"Bakanuwa, yau ma kin zo ki cuce ni?"

"Wa ya isa ya cuci Bazazzagiya? Zuba, kuma ki cika gyara."

Sai ta ja faifanta gefe, ta ba ni rabin bencinta. Ni kuma ba na gaggawar kwance ƙullin, don muddin yana ɗaure ciniki bai ƙare ba. A nan nake jin wa ta haihu, wa aka sallamo daga asibiti, a nan nake faɗin ciwon gwiwata a ce mini sannu. Yawancin kwanaki ita kaɗai ce nake magana da ita ido da ido.

Sai aka shiga lokacin nan da takardun kuɗi suka yi wuya. Ɗana na fari, wanda ke aikin gwamnati, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Umma, kin huta da zuwa kasuwa. Na yi magana da wani mai shago, zai riƙa aiko miki da komai, ni in tura masa ta waya."

Na ce Allah ya yi albarka. Me zan ce? A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta doguwar magana da shi, balle ta buɗe baki ta ce ya ba ta kaza. Haka na ga mahaifiyata ta yi, haka na yi.

Takardun kuɗi suka dawo hannun mutane, amma ba su dawo nawa ba. Tsarin ya yi wa ɗana daɗi, kuma don tausayina ya yi. Mai babur yakan yi sallama, ya ajiye leda a zaure, kafin in sa takalmi ya tafi. Ban rasa komai ba a tukunya. Na sha ɗaukar mayafi in je ko gaisuwa ce, sai in tuna ba a zama gaban faifan mai sana'a hannu rabbana, a tare mata masu saye. In mayar da mayafin, in ƙara murya a rediyo. An sa mini banki a wayata, amma karatuna na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake bin layi, shi kuwa rubutun ba ya jira.

Damina ta wuce, wata ta kama, kafin na iya faɗa wa autata a waya cewa kuɗin cefane nake so a hannuna.

"Kai Umma, wa ke yawo da kuɗi yanzu?" in ji ta tana dariya.

"Ni. Ki gaya wa yayanku."

Ran Juma'a ya zo. Ya ɗaga gefen tabarmata ya tura takardun a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Haƙƙinki ne ki riƙe kuɗinki, Umma. Da kin faɗa tuntuni."

Na kau da kai na tambaye shi yara.

Washegari na ƙulla haɓar zanina na tafi. A wurin Bazazzagiya na tarar da tebur, da wata matashiya, da lambar asusu a jikin kwali. Mai albasa da ke gefe ya gane ni.

"Hajiya, ai ta koma ƙauyensu can gaban Zariya. Ba ta da waya, masu saye duk suka koma inda za su tura. Ta yi ta cigiyarki. Ta ce ko Bakanuwa fushi ta yi a kan gyara."

Ba wanda ya san sunan ƙauyen. Na juya wajen matashiyar na ce ta zuba mini daddawa. Da ta ga ina kwance ƙulli sai ta ce, "Mama, ba za ki tura ba? Ba ni da canji."

"Kuɗi na kawo, 'yata, kuma ba a soke su ba. Nemo canjin, ba sauri nake ba."

Ta tafi nema, na tsaya riƙe da haɓar zanina. Ba benci a wurin.

Har yanzu ina zuwa da ƙullina. Ina bin layin tsofaffin da ke zaune a ƙasa, waɗanda ba kwali a gabansu, a wurinsu nake saye. Suna yi mini gyara, suna yi mini addu'a, amma a cikinsu ba wadda ta san ni Bakanuwa ce.