Jirgin Yaya Hamidu da injin yashi

Shekara goma sha tara ke nan da jirgin yayana Hamidu ya nutse a kogin Kwara, ƙasa da gada, yana ɗauke da albasa daga Madekali. Jirgin ƙarfe ne. Ya kife ya rufe mutum huɗu, har da shi.

Kafin jandarma su iso, dattawan masunta sun yanke magana: ruwan wurin ya yi zurfi, nan ne kabarinsu, kada a jawo gawa a tozarta ta. Aka yi musu salla a gaɓa. Don kada a turo masu nutso, baffanmu ya nuna wa jandarma wani wuri can gaba, kusa da tsibiri. Suka rubuta. Ina tsaye aka yi.

Tun lokacin ba a jefa taru a ainihin wurin. Masunci in ya iso sai ya ɗaga filafili, ya bar ruwa ya wuce da shi.

Bana aka kawo injin tsotsar yashi don masu gini, kullum kuma yana matsowa. Na je ofishin hukuma mai ba da izinin ɗibar yashi na faɗi damuwata. Ma'aikacin ya ba ni kujera, ya nemo tsohuwar takarda.

"Baba, inda aka rubuta mun hana a taɓa. Inda kake faɗi, takarda ba ta san da jirgi ba."

Ya ce ana iya gyarawa, amma sai masu nutso sun sauka sun gani da ido. Na kai wa Hajiya Rabi, matar marigayin, wannan magana. Ta ce ba da yawunta za a buɗe kabarin ba. Ban iya ce mata ta yi kuskure ba. Baffa kuwa ya rasu tuni.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Shi ma da rani yakan ɗebo yashi da bokiti ya sayar ya ciyar da mu. Ba na jin zai zagi masu injin. Wataƙila mu zai kalla, mu da muka ɓoye wurin.

Abin da ya bari bai da yawa: 'ya'ya mata biyu masu haƙurinsa, da masunta da har yau suke rage murya a kansa. Hajiya Rabi ba ta zuwa gulbi. Ni take tambaya inda inji ya kai, ni kuma da itatuwan gaɓa nake aunawa. Jiya na ce mata saura uku. Biyu ne.