Katakon da Mordecai Ya Bari Ya Lanƙwasa

Ni da Mordecai ajinmu ɗaya a makarantar mishan a Filato. A can ya koyi aikin kafinta, aka kuma koya masa cewa abin kunya ne bencin coci ya lanƙwasa. Da wannan tarbiyya ya zo Deptford, a Landan, ya tsufa yana gyaran ƙofofin gidajen hayar gwamnati.

'Yarsa Hephzibah nas ce a Camberwell, tana kuma wasan skateboard, wato hawan katako mai tayoyi, irin wanda ake ratsa tsakanin robobin da aka jera a hanya. Tun rasuwar mahaifiyarta hira ta yi musu wuya. Sai ya sassaƙa mata katako mai kauri, yana fatan shi za ta hau ranar gasa.

Ta taka shi, ta yi dariya. "Baba, ai wannan bencin dattawa ne. Katakon tseren gangara shi ke son tauri. Nawa sai ya ɗan lotsa, ya maido ni."

"Katakona ba ya rusunawa," in ji shi.

Duk da haka ya sake wani. Ya manna siraran fallaye, ya matso da tayoyin kusa da juna. Kowace Asabar sai ta zo ta gwada, ya rage kauri, su ci tuwo suna gardama.

Ranar gasa ina gefensa. Da katakon ya lanƙwasa a ƙarƙashinta, na ga ya runtse ido. Ta zo ta huɗu. A hanyar gida ta tambaye shi ko zai yi mata na gangara.

Ya ce, "Wannan kam, bencinki yana nan a ajiye."