Da Agogon Wa Kika Makara?

Jiya jikata ta karanto min wai agogon hawa na shida ya fi na ƙasa sauri. Sai na tuna marigayi Yaya, malamin kimiyya, da ya koya min karatu a falonsa na unguwar Faisal mai ƙamshin na'ana'a.

Wata rana na jefar da fensir. "Khalas, shi ke nan, na makara. Da furfurata zan koyi abacada?"

Ya yi dariya. "'Yan Hindu sun ce yini guda a sama shekaru ne barkatai a nan. 'Yan fiziks ma sun ce kowa da agogonsa. Ke da na wa kika makara?"

Na ɗauki fensirina. Ga shi da hannuna nake rubuta wannan. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa jiran kabari ya zame masa kamar gyangyaɗin azahar.