Hasken Ɓawon Lemu da Ruwan Rijiyarmu

Autata ce ta ce in daina zubar da ɓawon lemu. Lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, tana karatun haɗa sinadarai, ni kuwa lemu nake sayarwa a bakin titi a Sabon Gari. Na ɗauka hayaƙin korar sauro za ta yi. Na shanya mata, ta kwashe a leda ta tafi.

Da ta zo hutu sai ga ta da 'yar kwalba, ruwan ciki kamar shayin da bai ji ganye ba. Ta ce ɓawona ne. Wai sun daka shi, sun dafa a tukunyar ƙarfe mai matsattsen murfi har ya koma gawayi, amma ƙwayoyinsa da ke cikin ruwan sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu. Da rana tsaka ta rufe ƙofa da taga, ta haska kwalbar da wata tocila mai shuɗin haske. Sai ruwan ya kama sheƙi, shuɗi mai ratsin kore, babu wuta babu hayaƙi, kwalbar kuma sanyi ƙalau a tafina. Tun ina yarinya nake hura gawayi, ban taɓa sanin akwai irin wannan a cikinsa ba. Sunan Allah kawai nake kira a hankali.

Ashe ba don kallo ta kawo ba. Rijiyarmu a Chikaji tana dab da kwatar da ke gangarowa daga wajen masu gyaran batir. Ta daɗe tana yi mini ƙorafi, ni kuma amsata ɗaya ce: a ajin yaƙi da jahilci an koya mana a tafasa ruwa a tace da farin ƙyalle, kuma ban taɓa fashi ba. Da ruwan nan nake dama wa jikata koko, 'yar babbar 'yata da aka kawo mini yaye.

Ta ce wasu ƙarafa in sun narke a ruwa sukan manne wa ƙwayoyin su kashe musu haske. Ta raba ruwan kwalbar biyu. A ɗaya ta ɗiga tsabtataccen ruwan da ta zo da shi daga makaranta, hasken bai ko gezau ba. Na ɗebo mata nawa a randa, tafasasshe, tatacce, garau, har da ɗan alfaharina. Tana ɗigawa a ɗaya rabin hasken ya soma dushewa, muna kallo, har ya kusa mutuwa.

“Amma fa na tafasa shi,” na ce.

“Mama, ƙwayar cuta wuta take kashewa. Ƙarfe ko kwana ya yi a kan murhu yana nan.”

Na tambaye ta wane ƙarfe ne. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Zai iya zama tsatsa, wannan da sauƙi, zai iya zama dalma, ita kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Sai ta kai ɗakin gwaji an duba da babbar na'ura.

Ban jira na'urar ba. Kokon da na dama da safe yana nan a kwano, na ɗauka na zubar. Yarinyar ta bi kwanon da ido ta fara kuka. Na goya ta, autar ta ɗauki jarka, muka kama hanyar famfon burtsatse na Muchia, ina jijjiga ta ina ba ta haƙuri.