Kenten Onarabul

A kasuwar Makola nake kallon Onarabul, tsaye gaban wata rumfar atamfa, tumbi a gaba, ya toshe hanci da hankici. Wai tsohon jakada ne, yanzu shi ke riƙe da harkar ciniki a gwamnati. Daga gani ya fi sanin titunan Turai a kan layin masu kifin nan.

"Iyayena, ku riƙa sayen kayan gida!" Yana faɗa yana gyara kenten kafaɗarsa, zanen nan na saƙar gargajiya.

Anti Akwele mai rumfar ta kama gefen kenten ta juya. Bayansa fari fat, alhali saƙar hannu ciki da waje ɗaya ce.

"Onarabul, ai wannan bugun Caina ne. Masaƙan garinku mutuwa suka yi?"

Yana dariyar yaƙe, yana kakkaɓe inda ta taɓa.