Haladu Tafinta da Jinin Yaran Ambassatna

Haladu gyaran keken ɗinki yake yi a unguwar Ambassatna a ƙasar Chadi, a gidan da kakansa ya gina bayan tafiyar Makka ta tsaya masa a nan. Yana jin Hausa da Larabcin gari, ga Faransancin lekol, wato makarantar boko. Shi ya sa da wata likita ta zo daga Turai da mutanenta suna neman jinin masu sikila don bincike, shi aka ɗauka tafinta.

'Yarsa Kausar da ciwon aka haife ta, ita ya fara kaiwa. Daga nan ya bi gidajen Hausawa yana lallashin iyaye.

Hansatu, maƙwabciyarsa, tela mai 'ya'ya biyu masu ciwon, ta tare shi a zaure. "Malam Haladu, jinin da bai ishe su ba za a ɗiba?"

"Ɗan kaɗan ne, Yaya. Tushen ciwon suke nema a ciki. In magani ya fito, mu ne na farko."

Likitar ba ta faɗi haka ba. "Wataƙila nan gaba," ta ce. Sauran shi ya ƙara, don abin da yake so ya ji ke nan.

Suka cika akwatin sanyi da kwalabe, suka tafi. Bayan shekara uku Kausar ta rasu, ba ta cika sha biyar ba. Babban ɗan Hansatu ya bi ta da damina.

Wata safiya Haladu yana kwance wani keke, ya ji a rediyo cewa a ƙasashen Turawa an fara gyara ƙwayar halittar masu sikila, wasu har sun daina ciwo. Ya ajiye sukundireba, ya kasa ci gaba da aiki. Kafin azahar Hansatu ta iso riƙe da hannun ƙaramin ɗanta.

"Na ji. Yaushe za a kira mu?"

Ya rubuta wa likitar wasiƙa ta waya. Sai bayan wata biyu amsa ta zo: tana godiya ƙwarai, amma nasu binciken daban ne, an ma rufe shi tuni, wannan maganin kuma ba a yin sa a Chadi.

Ya karanta wa Hansatu.

"Ita ban san ta ba," ta ce. "Kai na sani."

Tun ranar ba ta ƙara gaishe shi ba. Da kekenta ya lalace, a babur ta ɗaura shi, ta wuce ta ƙofarsa, ta kai wa wani mai gyara a unguwar Abena.